Hannunki na Hagu da Tocilar Ubanki

Zuwa ga ɗiyata, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ya karatu, ya baƙunta? Mutanen gida duk lafiya lau, in ban da mutuncin ubanki da ya zube ranar kasuwar Bakura.

Ni na jawo wa kaina. Na cika wa mahauta baki cewa ɗiyata na haska magani da na'ura ta gane abin da ke cikinsa. Garba mai nama ya ce in nuna musu. Na jiƙa sukari a kwalba, tunda kin ce shi ma yana murɗa haske, na dallara mata tocila da tsakar rana. Munka yi ta jira. Ƙudaje kawai sunka zo. Garba ya shanye binciken, ya ce sukarin ma ya yi kaɗan.

A aji huɗu na yi sallama da boko, amma abin da kinka faɗa min ta waya ya zauna. Kin ce akwai ƙwayoyin sinadari da ido ba ya gani, biyu-biyu kamar tafin dama da na hagu. Kayan haɗinsu ɗaya ne, tsarin ne ya juya. Ɗaya na iya warkarwa, ɗan'uwansa ya cutar. Na'urarki na tura haske ta cikinsu, yadda ya fito shi ke tona wanne ne wanne. Na tambaya ko na hagun ne mugun. Kinka yi dariya kinka ce, "A'a Baba, wani lokacin shi ne maganin."

Tun ranar ban samu sukuni ba.

Kina ƙarama da hagu kike riƙe fensir. Na ɗaure miki hannun da ɗankwalin innarki, wai kada a ce ɗiyar wane bahaguwa ce. Innarki ta hana, ban ji ba. Kina rubutu da dama, baƙaƙen na karkacewa, hawaye na ɗiga kan littafin. Har yau ba ki taɓa tada min zancen ba.

A hoton da kinka turo, da hagu kike riƙe da kwalbar gwajin. Sau uku na buɗa hoton don in tabbata.

Waɗanda za ki nuna wa wannan wasiƙa su yi ta dariyar tocila, na yafe musu. Amma haƙurin da zan ba ki ba na rubutu ba ne. Sai kin dawo in zauna gabanki, innarki na shaida, in faɗa da bakina.

Allah Ya tsare min ke, Ya sa albarka a hannayenki duka biyun, Ya kai ni ranar da raina.

Ubanki,
babban masanin ruwan sukari na Talata Mafara.