Ni Na Yaga Takardar Likita

Ya hasken idona, ruwan sanyin da ke kashe wutar cikina, uwar 'ya'yana!

Ki karanta wannan da safe, tun fatar idonki ba ta faɗo ba. Na koma rubutu ne don in na buɗe baki ihu nake yi, ke kuma kafin la'asar harshenki ya yi nauyi, ba ki iya rama mini.

Ni na ɓata komai. Ranar da likita ya ce akwai wani ɗan ƙullin nama a bayan ƙashin ƙirjinki, taimus yake kiransa, shi ke zuga jininki ya yaƙi tsokar jikinki, sai an tsaga an cire shi, ba ni na fizge takardar amincewa da aikin na yayyaga ba? Ba ni na daki teburinsa har gilashin ya tarwatse ba? Shekara ashirin ina fawa, masoyiyata. Na san ƙarar zarto a kan ƙashi, na san yadda haƙarƙari ke wangalewa. Duk na zayyana miki a gabansa ina kumfar baki. Tun ranar kika rantse ko a ɗaure ba za ki shiga ɗakin tiyata ba.

Jiya kuwa kurɓin ruwa ɗaya ya shaƙe ki. Kurɓi ɗaya! Kika zube a bakin murhu, leɓɓanki suka yi baƙi, ina dukan bayanki kamar mahaukaci. Ke da kika taɓa tare bijimin da ya tsinke igiya a mahauta, kina dariya kina kirana ragon maza, yau cokali ya fi ƙarfinki? Wallahi da cutar nan tana da wuya, da na kayar da ita na yanka, na feɗe, na watsa wa karnuka!

Ƙullin nan na san shi sarai. Kullum ina fincike irinsa daga ƙirjin maraƙi, ko tafin hannu bai cika ba. Wannan ɗan banzan ne zai raba ni da ke, ya inuwar da nake fakewa?

Na koma wurin likitan, na durƙusa a gaban ma'aikatansa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Bai yi mini alkawarin za ki warke rana ɗaya ba. Ya ce ƙarfi a hankali yake dawowa, wasu ma ba sa rabuwa da magani. Amma ya ba ni sabuwar takarda, ga ta cikin ambulan. Ranar Alhamis ya sa za a yi aikin.

Ki tsane ni in kin so, ki mare ni in hannun ya ɗagu, amma ki sa hannu! Tsoron nan ba naki ba ne, nawa ne, ni na ɗura miki shi. Ki dawo mini da abina. Zan tsaya da shi a ƙofar ɗakin tiyata, ya ci hanjina yadda ya ga dama, har a turo ki waje kina numfashi.

Naki ni kaɗai, har ranar da za a yi mini wankan ƙarshe,
Mijinki mahauci.