Kwamfutar da Ba Ta da Jiki

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Tun shekarar da aka ba mu jiha nake riƙe da makabartar nan ta bayan Pantami. Duk wanda ya kwanta a ciki na san makwancinsa, ba allo ba lamba. Yau Nabil, ɗan ƙanena, ya sake zuwa da zancensa: wai in bi layi-layi ina faɗa, waya tana ɗauka, a ajiye a kwamfuta. Ni da ko ajin boko ban taɓa leƙawa ba, sai ɗan ajamin nan. Na ce masa ta kaina ba ta jiran a kawo wuta.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ya matsa, na ce to sai na ga inda za a ajiye. Muka hau keke zuwa wurin aikinsu a GRA. Ɗaki sanyi kamar cikin randa. Akwatunan ƙarfe biyu suna ta gurnani, saba suke ce musu. Na ce ina tawa kwamfutar? Abokin aikinsa Dennis ya yi dariya. "Baba, zauna, yanzu za a haife ta."

Nabil ya hau danne-danne. Wai daga cikin akwatin yake yanka mata rabonta: ga ƙwaƙwalwa, ga wurin ajiya, ga suna. Sunan da ya sa mata Baffa Jalo. Sunana, ko tambayata bai yi ba. Nan da nan ta buɗe a kan allo. Wai irinta suna da yawa a ciki, kowacce tana zaton ita kaɗai ce a gidan, akwai wani shiri da ke raba musu abinci kada su yi faɗa. Mai unguwarsu ke nan.

Na ce in akwatin ya mutu fa? Dennis ya ce sai ta tashi a na biyun. Har hotonta suke ɗauka, in ta rikice a mayar da ita yadda take jiya.

Abin da ba shi da jikin da zan taɓa, ba na ba shi amanar matattu. Haka na faɗa musu na fito.

Juma'a, 12 ga Yuli

Ruwa ya ci gefen gabas na makabarta, ya kwashe fasassun tukwanen alama.

Talata, 16 ga Yuli

Wani Yuguda ya zo tun daga Fatakwal ziyarar mahaifinsa, Malam Abdulhamid mai gyaran rediyo. Ni na haƙa, ni na rufe. Na kai shi gindin darbejiya a gefen gabas, na tsaya. Kabari biyu a jere. Na dama, ko na hagu? Na duba, na sake dubawa. Kaina shiru.

Na ce masa rana ta yi zafi, ya dawo jibi. Alhali hadari ne a sama. "Ba komai, Baba," in ji shi, amma ya ga fuskata.

Laraba, 17 ga Yuli

Tuwo bai shiga ba. Da ana ɗaukar hoton kai, da na ce a mayar da ni bara.

Alhamis, 18 ga Yuli

Ina cikin alwala ya faɗo mini. Na hagu ne. Jana'iza biyu aka yi ranar, shi aka fara sawa. Yuguda ya yi addu'arsa ya tafi, alhamdulillahi. Amma Malam Abdulhamid ya kwana biyu a ɓace, ni kuma ba ni da akwati na biyu.

Asabar, 20 ga Yuli

Nabil ya kawo mini goro. Na tambaye shi, haka kawai, ko sun share abar nan mai sunana.

"Kashe ta na yi, Baffa, ban share ba. Ɗakinta yana nan."

Ya miƙo mini goron.

Ba wai na yarda ba ne, har yanzu ba ta da jiki. Na dai ce ya cika wayarsa da caji. Gobe bayan asuba zan fara daga gindin darbejiya, da na hagu.