Kwalekwalen Da Ya Ƙi Tafiya

Zuwa ga 'yata Yeonok,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da mijinki da nauyin da kike ɗauke da shi. Yaya kumburin ƙafar? Ni ƙalau nake, in ban da gwiwa.

Kin tambayi ganyen teku na miyar jego. Bana ba zan aiko miki da na dutsenmu ba, kuma gara ki ji dalili daga bakina.

Kin san kwalekwalen karan shinkafa da muke saƙawa farkon shekara, mu ɗora masa tsiyar gari, mu sake shi lokacin da ruwa ke janyewa don ya fita da ita ta mashigi. Bana ni na saƙa. An kaɗa ganga, an yi rawa, ya tafi. Washegari da ruwa ya kawo, sai ga shi maƙale a gindin duwatsun da muke yankan ganye, jikinsa duk yauƙi mai ƙarni.

Nan take gari ya samo mai laifi. Wai hannun matar da mijinta ya mutu ne ya saƙa, shi ya sa teku ya ƙi karɓa. Dalsu, shugaban ƙungiyar masunta, har da cewa in kai giyar shinkafa wurin bauta in ba da haƙuri. Na ce, "Dalsu, ni da na share maka majina kana yaro, yau ni za ka yi wa wayo? Sunkuya ka sansana."

Yauƙin nan na masana'antar kifi ne da ke tsallake. Suna sako ƙazantarsu in ruwa na janyewa, wai ta wuce babban teku. Amma tun da aka gina sabuwar katangar tashar jirage, ruwan kewayawa yake yi ya dawo mana, kuma inda kwalekwalen ya bi nan ƙazantar ke bi. Kowa ya sani, Yeonok. Tsoronsu kawai kada 'yan sari su ji su daina zuwa.

Dalsu ya ce in na kai maganar ofishin gunduma, za a cire ni daga ƙuri'ar rabon duwatsu, in zauna ba wurin yanka. Na riga na cika kwalba da ruwan. Gobe zan bi jirgin safe.

Ki gaida mijinki, ki rage hawa bene.

Uwarki,
Malsun

Zuwa ga 'yata Yeonok,

Barka da sauka lafiya. Yaya jikin, yaya baƙuwar? Na yi kuka da na ga hotonta, hancin babanki ne sak.

Sun cire ni. Ma'aikata sun zo sun ɗebi ruwa sun tafi, har yau shiru. In na doso tasha mata sai su sunkuyar da kai kan raga, kuma ba zan ɓoye miki ba, abin yana mini ciwo. Amma zancen in tattara in dawo wurinki, ki bar shi. Ba inda zan je, nan zan zauna su riƙa ganina.

Jiya na ƙetara birni na sayo miki busasshen ganyen wani tsibiri, dogo zanƙal. Ni, da tsufana, a kantin ganye! Ban yi ciniki ba, ban bari an naɗe shi ba, kin san na jego ba a karya shi. Ina juyowa wa zan gani? Bunnye, matar Dalsu, wadda surukarta ke wata tara, rungume da nata.

Na ce, "Bunnye, dutsenku bai yi ganye ba ne bana?"

Ta ce, "Uwar Yeonok, ki rufa min asiri."

Na ce, "Ni bakina gum. Amma a ina za ki ɓoye abin da ya kusa tsawonki?"

A jirgi ta yi ta juya shi, na ga tana so ta naɗe ta tura jaka, hannunta ya ƙi. Da muka iso, gari kaf yana tasha ana ɗora wa 'yan sari ganye, mijinta na tsaye yana ba da umarni. Ta tsaya a bakin matakala ta kasa sauka. Na gyara nawa a kafaɗa, na kama hannunta, na ce, "Mu je, Bunnye, a hankali. Gwiwata ba ta son sauri."

Ƙunshin zai iso miki jibi. Ki jiƙa shi sosai, ki sha miyar da zafinta. Ki shafa min kan yarinyar.

Uwarki mai ƙaunarki,
Malsun