Jirgin Baba ya hau tudu

Zuwa ga Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka ƙwarai, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya zaman Kumasi, yaya ƙafar taka? Mu nan Birnin Kebbi lafiya lau, Inna ma da sauƙi.

Ka ce in gyara jirgin fiton marigayi Baba. Yaya, ban gyara ba, kuma ba zan gyara ba. Tun da aka tare ruwa can sama, gulbinmu ya janye. Inda muke fito da mutane, yau jaki ke ratsawa da kaya. Gaɓar duk masu albasa ne.

Sai na sa aka jawo jirgin zuwa fadamarmu, na cika shi da ƙasa da taki, na yafa irin albasa. Kawu Bello ya ce na wulaƙanta gado. Na ce masa gara ce ke cin gadon a banza. Yanzu irin ya yi kore shar, har maƙwabta na roƙon dashe. Jirgin bai daina ciyar da mu ba.

Filafilin tuƙa shi kam na ajiye maka, ka nuna wa 'ya'yanka.

A sa mu a addu'a. Gai da mutanen gida duka.

Ƙanenka,
Sani