Ta Cire Sunana Daga Takardar

Gunvor, ki taimake ni kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa. Ni ba mai rubuta wa jarida ba ne. Shekara talatin da huɗu na yi ina tuƙa motar share ƙanƙara a hanyoyin arewa, aikin da babu mai tambayar ka abin da ke ranka. Matata ce mai karanta filinki. Da ta rasu sai na gaji jaridar tare da kujerarta.

'Yata, bari in kira ta Ylva, shekarunta talatin da ɗaya. Tana da ashirin da biyu ciwon ya kama ta, irin wanda zai ɗaga mutum sama ya daina barci, bakinsa ya ƙi yin shiru, sannan ya sako shi ƙasa ya yi wata biyu bai buɗe labule ba. Sau uku ana kwantar da ita. Duk ukun ni na kai ta.

Daga nan na zama ɗan aike tsakanin ofisoshi huɗu: asibiti, ofishin inshora, ofishin neman aiki, da na walwala a ƙaramar hukuma. Wannan ya ce ba ta da lafiyar da za a nema mata aiki, wancan ya ce lafiyarta ta isa ta nema da kanta. Kowanne ya ce doka ta hana shi faɗa wa ɗan'uwansa abin da ya sani. To ni doka ba ta hana ni ba. Na sayi shuɗiyar jakar takardu, na yi shekara tara ina yawo da ita daga wannan ƙofa zuwa waccan. Na san sunan kowane magani da ta taɓa sha, na san wanda ya sa hannunta rawa. Akwai wata ma'aikaciya da ke cewa da ni "shugaban ofishi na biyar", kuma ban taɓa jin haushi ba.

Bara sai abin ya canza. Ofisoshin nan huɗu suka fara zama teburi ɗaya, suka haɗa ta da mutum guda, wani Sixten, mai raka irinsu neman aiki. Na raina shi da farko, ba zan ɓoye ba, mutum da ɗan kunne da keke a tsakiyar hunturu. Amma bai tambaye ta me ke damun ta ba, ya tambaye ta me take so ta yi. Ta ce shuka. Cikin mako bakwai ta fara aiki a gonar renon dashen itatuwa, aiki na gaske mai albashi, kwana uku a mako. Yanzu wata biyar ke nan. Tana dawowa da ƙasa a farce, tana ba ni labarin abokan aikinta har da kwaikwayon muryarsu. Wallahi na yi murna, Gunvor. Ranar farko a mota na zauna na yi kuka kamar yaro.

Ga inda matsalar take. Kin san ofisoshin ba sa magana da juna sai mai ciwon ya sa hannu a takardar amincewa, ya rubuta waɗanda ya yarda su ji. Watan jiya aka sabunta takardar. Ta rubuta su huɗun, ta rubuta Sixten, ta bar ni. Na sa rigata ta zuwa taro, na ɗauko jakar, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Baba, yau ni kaɗai zan je. In kana wurin kowa kai yake kallo, har ni." Na ce to. Na koma na zauna da rigar a jikina har ta dawo.

Shekara tara! Lokacin da suke jefa ta kamar ƙwallo wa ya tsaya? Yanzu da suka shirya da juna ni ne na zama bare. Na kira Sixten, ya ce mini cikin ladabinsa mai ban haushi, "Zan saurare ka, amma ba zan faɗa maka komai ba, kuma zan gaya mata ka kira." Na kashe wayar.

Tsorona ba na banza ba ne. Bazara na zuwa, lokacin da a nan arewa rana ke ƙin faɗuwa ko da dare, kuma biyu daga cikin kwanciyarta uku a irin wannan lokacin ne. Mai gonar, Torvald, bai san sunan ciwonta ba. Abin da ta faɗa masa kawai shi ne tana da lalura, tana buƙatar lokacin aiki da ba ya canzawa. Ni kuwa ƙungiyarmu ta farauta ɗaya da Torvald, Asabar ta sama za mu haɗu gyaran bukkarmu ta daji. Na rubuta alamomin a takarda guda, saurin magana, rashin barci, fara aiki biyar a lokaci ɗaya, na sa lambata a ƙasa. Tana aljihun rigata. Mutumin kirki ne, ina ganin ba zai kore ta ba. Ina ganin.

Ita kuwa ko a jikinta. Juma'a ta sama ita ce da kawo abin shan kofi a wurin aiki, bi da bi ake yi, kin san yadda mutanenmu ba sa wasa da wannan layin. Na ce zan gasa mata burodin kirfa irin na mahaifiyarta, don ni na iya shi yanzu. Ta ce, "A'a, tsoho, kai dai ka zo gidana ranar Alhamis ka koya mini, kuma kar ka taɓa ƙullun." Kin ji, ko burodin ma an karɓe mini.

In ba Torvald takardar ko kar in ba shi? In na yi shiru ta faɗi a gaban mutane fa?

Shugaban Ofishi Na Biyar

*

Ya kai Shugaba,

Kar ka ba shi. Na fara da wannan ne don kada ka tsaya a tsakiyar amsata ka tafi daji.

Tsoronka gaskiya ne, ba zan ce maka shirme ba ne. Ciwon nan yana dawowa, kuma babu wanda ya san take-takensa a jikin Ylva kamar kai. Haushinka ma yana da dalili. Ka yi aikin ofisoshi huɗu ba albashi, da suka gyara kansu ko na gode ba a ce maka ba. To ni na ce maka: sannu da ƙoƙari. Ba don jakar nan ba da wuya ta kai ga teburin da take zama yau.

Amma duba abin da takardar aljihunka za ta yi. Yau Torvald yana ganin ma'aikaciya mai hannun shuka. Daga ranar Litinin zai riƙa ƙirga kalmominta. In ta yi dariya da ƙarfi zai tuna layi na ɗaya, in ta yi hamma ya tuna na biyu. Ko bai kore ta ba, ka raba ta da wuri ɗaya tak da ba a kallon ta a matsayin majinyaciya. Kuma za ta sani, garinku ƙarami ne. Ranar da ta sani, ranar za ta daina faɗa maka cewa barci ya ƙi zuwa, alhali wannan maganar ce ta fi kowace takarda kare ta. Abin da za a faɗa wa mai gona da lokacin faɗarsa nata ne, kuma da alama ita da mutumin keken sun yi tunani a kai.

Alamomin da ka rubuta suna da amfani, adireshin ne ka kuskure. Ita za ka ba. Ka ce mata bazara na ba ka tsoro, faɗi haka ƙarara, kada ka lulluɓe shi da faɗa. Ka tambaye ta ko ita da Sixten da asibitin sun tsara abin da za a yi in alamun suka ɓullo: wa za a kira, me za a rage, me za a ce a wurin aiki. Irin wannan zaman na ofisoshi yakan tanadi haka. In babu, ka roƙe ta ta nema. In akwai, ka tambaye ta ko akwai gurbinka a ciki, sannan ka karɓi amsar ko ba ta yi maka daɗi ba. In kuwa wata rana ka ga rayuwarta na cikin haɗari, ba ka buƙatar sa hannun kowa kafin ka kira asibiti.

Jakar kuma ka kai mata. Tarihinta ne a ciki. Kai ma ka nemi ƙungiyar iyalan masu irin wannan lalura a yankinku, za ka tarar da shugabannin ofishi na biyar cike da ɗaki, kowa da jakarsa.

Abu na ƙarshe, wanda ka rubuta da hannunka amma haushi bai bar ka ka gani ba. Burodin kirfa a kanti ana sayar da shi, minti biyar ta gama. Ta zaɓi na mahaifiyarta, ta zaɓi kai ka koya mata. Ƙullun nan sau biyu yake tashi, ka fi ni sani, kusan awa uku ke nan ku biyu a kicin babu jami'i ko ɗaya. Shekara tara tana ganin mai jaka. Ranar Alhamis babanta ta gayyata.

Ka je, ka bar rigar taro a gida, ka naɗe hannuwanka in ta kama. In burodin ya ƙone a gefe, haka za ta kai shi, kuma za su cinye. Ina yi wa Ylva fatan bazara mai barci, kai kuma ina maka fatan ka iya kallon ƙullun ba ka taɓa ba.

Gunvor