Kurakuran Baba, daga Uhudu zuwa Bakin Teku

Asabar, 22 ga Rajab 1445

Yaya Saif ya zo bayan la'asar, ya tsaya a ƙofar kicin yana juya makullin mota. Da Larabci ya yi magana, kamar kullum in abu ya dame shi. Na amsa da Hausa don in ba shi haushi.

Baba ya fara mantuwa. Wannan kowa a gidan ya sani, babu dai mai faɗa. Shekara arba'in da ɗoriya yana muzawwiri, yana kai alhazai ziyara, ya faɗi sallama da addu'a su maimaita a bayansa. Abdulfattah mai kamfanin ziyarar ba zai iya ce masa ya zauna gida ba, Baba ne ya koya masa aikin. Saif ma ba zai iya ba. Sai aka tuna da ni: ina da digiri a tarihi, ina da ruhsar jagorar baƙi, wato lasisi, da ban taɓa fitarwa daga jaka ba, kuma, in ji Saif, "ke ba ki da taushin zuciya." Yabo ne, ina jin.

Tafiya ce ta kwana huɗu, "Filayen Yaƙi na Tudu da Teku". Zan riƙe makirfo, in sa ido a kan Baba, ranar Alhamis in faɗa musu: ya ci gaba, ko ya sauka daga bas ɗin ke nan. Abin da na ce shi za a yi.

Na ce to, amma tafiya ɗaya kawai. Na sayi wannan littafin a titin Sultana. Mai layi.

Lahadi, 23 ga Rajab

Mutum ashirin da huɗu. Yawanci 'yan umara daga Kano, Katsina da Damagaram, sai wasu mata na Sudan da Chadi da ke aiki nan garin shekara da shekaru amma ba su taɓa samun wanda zai kai su Badar ba. Akwai wani alhaji mai waya biyu, yana ɗaukar hoto da duka biyun.

Ni na ƙirga kawuna na yi alama a takarda. Baba ba ya ƙirga kai, gari yake kira. "Kano!" A amsa. "Damagaram! Mai Wurno! Abeshe!" Ya saurari muryoyi, ya ce wa direba, "Bakri, yalla." Minti uku, a inda ni na yi sakan ashirin.

Uhudu. Na hau da su Dutsen Maharba, na buɗe taswira: shekara ta uku, maharba hamsin, ga inda dawaki suka zagayo. Sun saurare ni da ladabi, irin sauraren da ake wa ma'aikaciyar jirgi in tana nuna rigar ceto. Da muka sauko gaban maƙabarta Baba ya ɗaga hannu, sai na ga duk sun farka. Ya faɗi layi, suka maimaita. Ya faɗi na biyu. Ya yi wa Sayyidina Hamza sallama.

Sai ya tsaya.

Bakinsa a buɗe, hannu a sama, mutum ashirin da huɗu suna jira. Na san abin da ke biye. Tun ina shekara biyar nake jin sa ta bangon ɗaki. Na duba agogo. Sakan goma sha huɗu. Bakri ne ya yi tari ya jefa masa kalmar farko, Baba ya kama ya ci gaba kamar numfashi kawai ya ja.

Kuskure na ɗaya.

A hanyar komawa mota wata tsohuwa ta kama min gefen abaya. Hajiya Zenabu, 'yar Abeshe, tana haɗa turaren wuta a unguwar Harra.

"'Yar malam, na ga bakinki ya motsa. Me ya hana ki?"

Na ce ba aikina ba ne, Hajiya.

Ta ce, "To aikin wa?" Ta wuce ta bar ni.

Litinin, 24 ga Rajab

Handaƙ. Alhaji mai waya biyu ya tambaya ina ramin. Na ce yana tsaye a kansa, ko kusa da haka. Ya ɗauki hoton kwalta.

Baba ya kira Bakri "Rabo" sau biyu. Rabo direbansa ne na da, ya rasu shekara goma sha ɗaya ke nan. Bakri ya amsa "Na'am, Baba" duka biyun, ko ƙifta ido bai yi ba. Na fara zargin ya daɗe yana amsawa.

Na biyu. Na uku: ya bar lemarsa a masallaci.

Talata, 25 ga Rajab

Badar, awa biyu a hanya. Baba ya yi barci daga fitowa gari har muka fara ganin dabino. Ban taɓa lura wuyansa ya rame haka ba. Rigar ce ta yi masa yawa, ƙila.

A gaban shahidai ya ce su saba'in ne. Na Uhudu ke nan. Sunaye goma sha huɗu suna rubuce a bayansa da manyan baƙaƙe. Wani malami ɗan Katsina ya buɗe baki, ya dube ni, ya rufe. Na gyara a makirfo daga baya, a cikin wata magana daban, kamar ba gyara ba. Na huɗu.

Saif ya turo saƙo: "Kef?", wato yaya ake ciki. Na amsa: huɗu a kwana uku. Ya turo fuskar nan mai hawaye ɗaya. Saif yana da shekara arba'in da biyu.

Bayan azahar na ƙirga, ashirin da huɗu cif, na ce wa Bakri mu tafi. Ya sa giya ma. Baba daga kujerar gaba, ko juyowa bai yi ba, ya fara kiran garuruwansa. Na ce, "Baba, na ƙirga." Ya ce, "Na ji, Hiba. Abeshe!" Murya ɗaya ta amsa. Ya ce, "Abeshe biyu ne."

Ashe wata baiwar Allah ce daga wani bas ta shigo namu ta zauna, baƙar abaya da niƙabi kamar kowa. Kai dai kai ne. Hajiya Zenabu muka samu a gindin dabino bayan Masallacin Arish, ta miƙe ƙafa tana ciniki da mai ruɗab, ɗanyen dabino, cikin Larabcin da ko ni ban gane rabinsa ba.

Ta ce, "Da kun tafi da na zama 'yar Badar."

Ban sa wannan a jeri ba. Jerin na Baba ne.

Laraba, 26 ga Rajab

Teku. Takardar tallar Abdulfattah ta ce "fagen yaƙin ruwa". Ni ban san wani yaƙin ruwa da zan rantse an yi a nan ba. Abin da ke akwai kufan tsohuwar tashar Jar ne kusa da Rayis, inda jiragen hatsi suke tsayawa a da, sai labaran rundunonin da aka riƙa turawa gefen gaɓa. Na faɗa musu haka. Alhaji ya ji takaici, amma ya ɗauki hoto.

Wannan zangon sabo ne a jadawali, Baba bai taɓa zuwa ba. Da na tuna ma, ban taɓa ganinsa a bakin ruwa ba. Duk sanda aka je Yanbu muna yara, shi aiki yake da shi.

Ya ƙi saukowa da farko. Na gama bayanina, mutane sun watsu suna tsintar kwanson kifi, sai ga shi ya taho, ya cire takalmi ya riƙe a hannu. Ya wuce ni. Ya tsaya inda rairayi ya jiƙe, ya ajiye takalman, ya ɗaga hannu sama kamar yadda yake yi a Uhudu.

Ya fara sallamar maƙabarta. Ga ruwa.

Na ciro biro. Gaskiya na ciro. Na ce a raina shi ke nan, wannan ya wadatar, ba sai na yi wa Saif dogon bayani ba. Babu kabari a nan, babu shahidi, babu komai sai ruwa da ledar wani.

Mutane kuwa sun saba. Sun ga hannu a sama, suka taru a bayansa suka fara maimaitawa. Ya kai wurin da ake kiran suna, inda yake cewa Sayyidina Hamza. Ya ce, da Hausa, "Assalamu alaiki, Ruƙayya 'yar Ali."

Ali sunan kakana ne. Ruƙayya ban san ta ba.

Suka maimaita. Ya juyo kaɗan, ba gare ni ba, ya ce wa mutanen, "Yayata ce. Muna cikin jirgin sambuk daga Sawakin, zazzaɓi ya ɗauke ta, kwana biyu kafin gaɓa. Aka naɗe ta a zanen Inna aka sa ta a ruwa. Ina da shekara huɗu. Wanda yake da nasa ya faɗa."

Sai Bakri ya kira wani suna. Wata 'yar Mai Wurno ta kira biyu. Hajiya Zenabu ta kira ƙanen mahaifiyarta, ta ce ba ta san sunan ubansa ba, Baba ya ce ta faɗi na uwarsa, ya isa. Malamin Katsina ya tuna wani kakansu da ya tafi hajji a ƙasa ba a sake jin labarinsa ba, ya tambaya ko ya halatta a sa shi. Baba ya ce sa shi. Duk sunan da aka kira, ya maimaita, su maimaita. Alhaji ya sa wayoyinsa a aljihu, duka biyun.

Don a rubuta daidai: masu tsallakowa daga Sawakin ba nan suke sauka ba. Can kudu ne, nesa ƙwarai. Wannan ba gaɓarsu ba ce.

Ya koma addu'ar rufewa. Bai kai ga layin farko ba, sai ya tsaya. Wuri ɗaya da na Uhudu. Baki a buɗe. Bakri yana can baya yana share fuska da gefen rawani, bai ma lura ba.

Ban san sanda na isa gefensa ba. Na faɗi layin a hankali. Ya maimaita bayana, sannan suka maimaita bayansa. Na faɗi na gaba. Haka har ƙarshe.

Na manta makirfo a kunne yake. Kowa ya ji.

A mota na gaya masa zancen gaɓar, tunda gaskiya ce. Ya ce, "Hiba, ke da kika yi jami'a, a ina aka yi wa ruwan katanga?" Sai ya tambaye ni ina takalmansa. Suna hannuna.

Biyar, ko shida. Ban san yadda zan ƙirga na yau ba.

Alhamis, 27 ga Rajab

Na tambayi Umma zancen Ruƙayya tana tsince shinkafa. Ina so in tabbatar ba ƙirƙira ƙwaƙwalwarsa ta yi ba. Ta ajiye faranti.

"Ya faɗa? A gaban mutane?"

Sau ɗaya ya taɓa gaya mata, ranar da aka haife ni. Ya so a sa min sunan. Kwana shida yana cewa Ruƙayya, ranar suna da safe ya ce ba zai iya kiran sa kullum a tsakar gida ba. Sai aka ce Hibatullah.

Shekara talatin da huɗu ina da gwaggo ban sani ba. Na rubuta takarda mai shafi tamanin a kan hanyoyin alhazan yamma.

Saif da Abdulfattah sun zo bayan la'asar, Baba yana masallaci. Na karanta musu jerin duka, ban rage komai ba, har lemar. Na ce mantuwar gaskiya ce kuma gaba za ta yi, a kai shi wurin likita mako mai zuwa, ba zai sake fita da mutane shi kaɗai ba. Abdulfattah ya sunkuyar da kai ya ce, "Halas, an gama ke nan."

Na ce ban gama ba. Zai ci gaba. Ni zan riƙe makirfo da tarihi, shi ƙirge da sallama. Zan tsaya a hagunsa, kunnen nan ya fi ji.

Saif ya ce, da Hausa, abin da ya fi shekara bai yi ba, "Ke da kika ce tafiya ɗaya?"

Na ce ruhsar tana lalacewa a jaka.

Juma'a, 28 ga Rajab

Jerin fasinjojin Lahadi ya zo. Na ƙara wani layi a gefe na rubuta garin kowa. Ya fi sauƙin dubawa, shi ke nan.

Bayan an sauko masallaci na ce wa Baba ya faɗa min sallamar daga farko har ƙarshe, ina so in rubuta, don ajiya. Ya ce ba a rubutawa, maimaitawa ake yi. Na ajiye biro. Ya faɗa, na faɗa. A wurin sunaye ya sa Ruƙayya bayan shahidai, na faɗa.

Ya tsaya a wurin nan nasa. Ban duba agogo ba.