Gwajin Manhaja Ya Tono Maganar Dilolin Madam Chinyere

Anti Gumsu, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle.

Ina aikin manhaja a wani kamfanin dillancin atamfa a Fagge. Manhajar da ke lura da shigar diloli sito da fitarsu ta shekara goma sha uku. Malam Abdulnasir ne ya rubuta ta shi kaɗai. Shi ya koya mini aiki, shi ya kawo ni kamfanin, yanzu kuma ciwon ido ya zaunar da shi a gida. Kowa tsoron taɓa manhajar yake, don ba ta tashi sai a kan babbar sabar ofis, wato uwar kwamfutar da sitonmu huɗu ke aiki da ita. Ka gyara nan, can ya lalace, kuma ba za ka sani ba sai direbobi sun yi layi a ƙofa.

Shi ne aka ce in saita wata ƙaramar saba a kwamfutata, mai tashi tare da gwaji ta mutu tare da shi, don mu riƙa gwada kowane ɓangare daban. Mako uku ina fama. Yau ta ƙi ganin rumbun bayanai, gobe ta ce wani fayil ya yi mata tsufa. Ranar Talata ta tashi. Wallahi da ma ba ta tashi ba.

Gwajin ya nuna in ma'aikata biyu suka rubuta fitar kaya a daƙiƙa ɗaya, rubutun ɗayansu yakan ɓace. Kaya sun fita, manhaja na cewa suna sito. Anti, shekara huɗu ke nan da aka kori mai kula da sitonmu na wajen tashar jirgi, Madam Chinyere, a kan dila tara da aka ce sun ɓata a hannunta. Ta yi kuka, ta yi rantsuwa, aka ce kwamfuta ba ta ƙarya. Yanzu kayan miya take sayarwa a kasuwar Sabon Gari. Jiya na wuce ta gabanta a adaidaita, na sunkuyar da kai.

Ban gaya wa kowa ba. Sabar tawa ba irin ta ofis ba ce sak, wataƙila saitina ne ya haifar da kuskuren. In na yi magana, na zubar da mutuncin Malam yana kwance. In na gyara shiru, Madam ta ci gaba da yawo da sunan ɓarauniya. In buɗe kwamfuta, in zuba mata ido, in rufe, aikina ke nan tun Talata.

'Yarki da ta rasa madafa, Fagge.

'Yata, sannu. Ni ban san saba ba, sai da na tambayi wani masanin harkar, kuma ya ce shakkarki tana kan hanya. Don haka fara da aikin. Ki daidaita sigar ƙaramar sabar da ta ofis, ki kwafo saitin rumbun bayanai yadda yake, ki maimaita gwajin sau da yawa, ki ajiye sakamakon. Sannan ki nemi takardun direbobi na makon da dilolin suka ɓata. Gwaji zai nuna abin yana iya faruwa, takarda ce za ta nuna ya faru.

In ya tabbata, Malam za ki fara samu, a gidansa, ba ta waya ba. Kuskure ya yi, ba zalunci ba, kuma wanda ya koya miki aiki ya cancanci ya ji daga bakinki. Ina kyautata zaton shi zai ce ku je wurin manaja tare. In ya ƙi, ki ba shi haƙuri, ki je ke kaɗai, ki yi maganar manhaja ba ta mutum ba.

Gyaran shiru kam ban yarda da shi ba. Malam zai ji kunya ta mako ɗaya, matar nan ta ɗauki tata shekara huɗu, da 'ya'yanta. Kada dai ki je mata da albishir kafin kamfani ya amsa, don kada a sake karya mata zuciya.

Allah Ya ba Malam lafiya, Ya wanke wadda aka zarga, ke kuma Ya ƙarfafa miki gwiwa.